Yarinyar da Ba Ta Ji Ƙaho Ba

Gaje, bar wanke-wanken nan, kwanuka ba za su gudu ba. Tunda Allah ya sa kin zo wuni, ba za ki koma gidan mijinki ba sai kin ji abin da zan faɗa. Tanimu, zare igiyoyin wayar nan da ka cusa a kunne ka zo ka zauna. Kai ma babban, da ka tsaya bakin zaure kamar baƙo, shigo. Ɗan fari ne kai, ba na kiran sunanka, amma ka san da kai nake. Ce wa matarka ta fito da babbar tabarma. Yau tatsuniyar ba ta yara kaɗai ba ce. Ni na haife ku, in na ce a zauna sai a zauna.

Ilu, angona, taho nan. A'a, ba can baya ba, nan gabana inda za ka ga bakina. Wane irin miji ne kai? Cefane babu, zama kusa da matarka ma sai an roƙe ka?

To. Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso tun daga bakin kogi.

Na ji yara sun ce ta zo mu ji ta. Manyan fa, an ɗinke muku baki ne? Yawwa. Kai kuma angona, sai da kowa ya gama ka amsa kai kaɗai. Ba komai. Ku manya ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani gari ne ana ce masa Gaɓar Kanya. Garin yana kan tudu, kogi na kwance a ƙasansa. Da rani kogin nan ba ko ɗigon ruwa a samansa, yashi ne fari fat. Faɗinsa kuwa, in ka tsaya wannan gaɓa, mutumin da ke waccan kamar ɗan tsako za ka hango shi. Garin ba rijiya, ƙasarsu dutse ce. Sai dai mata da yara su gangara cikin kogi, su tona yashi har rami ya kai ƙugu, ruwa ya tsatso, su kwasa da ƙoƙo su cika tulu.

Amma kogin nan yana da mugun hali. In damina ta matso, sai a yi ruwa can cikin duwatsu, inda ido ba ya kaiwa. Nan gari rana tsaka, sama tas. Sai kawai kogi ya kawo. Ba a hankali yake zuwa ba. A tsaye yake zuwa kamar katanga mai tafiya, ja wur, da itatuwa da awakin mutane a bakinsa.

Shi ya sa tun kakanni suka yi dabara. Akwai wani dutse can sama, inda kogin ya karya kwana. Sai suka ajiye mutum a kai da ƙahon ɓauna. Ba ya noma, ba ya kiwo, aikinsa kallon kogi. In ya hango kan ruwa sai ya busa: fuuu! Duk wanda ke cikin yashi sai ya yar da abin da ke hannunsa ya yi gaɓa da gudu. Tulu ne, bar shi. Zane ne ya kwance, bar shi. Yaro a garin nan kafin ya iya cewa Inna ya san kukan ƙaho.

To kun ga mutanen da ransu ke rataye a kunne. Sai suka kula da kunne har suka wuce wuri. Kowace uwa tana da gashin zabo soke a jinkar ɗakinta. Duk Juma'a sai ta kwantar da 'ya'yanta a cinya ta sakace musu kunne, wai don hanyar ƙaho ta zama a share. Wadda ba ta yi, ƙazama ce. Kuma ba abin kunya a garin kamar a ce ɗan gidan wane ba ya ji. Gidan da aka faɗi haka a kansa, an hana su gangara kogi ke nan, sai su dinga bin maƙwabta da ƙwarya suna roƙon ruwa.

A garin akwai wata yarinya, sunanta Marka. Tsarar Ilu ce, haƙoran gaba sun faɗi, sababbi ba su fito ba. Uwarta Yalwa, ubanta Dogara. Ji gare ta, in kaza ta taka busasshen ganye a bayan ɗaki ta sani.

Sai Marka ta yi mura. Mura ta tafi, sai ta bar mata ciwon kunnen hagu. Ta dafe shi tana kuka.

Ta ce, "Inna, kunnena."

Yalwa ta ce, "Dauɗa ce ta taru. Zo nan."

Sai ta zaro gashin zabo, ranar ba ma Juma'a ba ce. Sai ta kwantar da ita ta tura.

Marka ta ce, "Inna, da zafi."

Ta ce, "Zafin ne ke nuna na kusa wurin. Yi shiru."

Sai ta ƙara turawa. Sai ɗan akuya ya shigo da tsalle ya bangaji gwiwar hannun Yalwa. Sai gashi ya shige. Marka ta ƙwalla ƙara. Gashi ya fito da jini a tsininsa. Yalwa ta goge a zane da sauri, ta duba hagu, ta duba dama, ta ce, "Kar ki gaya wa babanki."

Da safe Marka ta ɗauki tulu ta nufi kogi, kai a karkace. A gindin kanyar bakin gaɓa akwai wata tsohuwar zomanya da ke da rami. Ta ga kowa ya girma a garin, kowa ya san ta.

Ta ce, "Marka, me ya sami kunnen?"

"Ba komai, Iya Zomanya."

"Ba komai ne ya sa ƙuda ke bin ki?"

Sai zomanya ta miƙar da kunnuwanta ta kama waƙa:

"Marka, Marka 'yar Yalwa,
Wa ya shiga ɗakin ganga?
Wa ya shiga da tsinke?
A fita, a fita, a bar ganga,
Ranar ƙaho tana tafe."

Ta ce, "A kai ki birni, bayan duwatsu. Akwai mai duba kunne, yana da 'yar fitila da yake leƙa ciki da ita."

Marka ta ce, "In aka kai ni, gari zai ji. In gari ya ji, za a hana Inna ruwa."

Sai ta gangara abinta.

Ana nan, sai kunne ya fara zubar da mugunya, yana wari. Sai ga Goggo Hakama, yayar Dogara, ta zo aron taɓarya. Ta shinshina, ta kama haɓar yarinya ta juya ta.

Ta ce, "Yalwa, har yanzu ke yarinya ce. Ba kya gani bushewa ya yi? Mai yake so."

Sai ta sa man shanu a kasko ta ɗora a wuta. Ya narke har yana ƙara. Sai ta tsoma yatsa. Yatsan nan kuwa ya shekara da shekaru yana tsamo ƙosai daga mai, ko garwashi ya taɓa ba ya ji. Ta ce, "Ɗumi ne kawai." Sai ta danne kan Marka da gwiwa ta tsiyaya.

Ihun da yarinyar nan ta yi, kajin gidan sai da suka watse.

Goggo ta ce, "Madalla. Kukan ne ke nuna magani ya kama. Amma kar a faɗa a waje, kar a ɓata wa ƙanena gida."

Gaje, me ya sa kika sunkuyar da kai? Ban kira sunan kowa ba, tatsuniya nake yi.

Da safe Marka ta zo gindin kanya. Zomanya ta yi mata magana ta hagu, ba ta juyo ba. Sai da ta zagayo ta dama.

Ta ce, "Yau kuma me aka zuba?"

"Mai, Iya."

"Ke miya ce?"

Sai ta sake waƙar nan:

"Marka, Marka 'yar Yalwa,
Wa ya shiga ɗakin ganga?
Wa ya shiga da kasko?
A fita, a fita, a bar ganga,
Ranar ƙaho tana tafe."

Marka ta ce, "Ai ina da na dama, Iya. Shi zai ji mini ƙaho."

Zomanya ta ce, "Allah ya bar miki shi."

Ana nan, sai ga Kawu Cindo, wan Yalwa. Shi kuwa irin mutumin nan ne da ba a taɓa tambayarsa abu ya ce bai sani ba. Ya zauna, aka ba shi fura, ya sha, ya goge gemu, aka nuna masa kunne.

Ya ce, "Ku mata kun tashi kashe yarinya. Ciwon kunne tafiya yake yi. In ya gama da wannan ɗaki, sai ya fito ya bi iska ya zagaya ya shiga wancan. Toshe su za a yi, duka biyun. Ciwon ya rasa hanyar fita, ya kuma rasa hanyar shiga lafiyayyen."

Yalwa ta ce, "Yaya, na daman fa lafiyarsa ƙalau."

Ya ce, "Shi nake karewa. Ko kin fi ni sani?"

Sai ya kwaɓa auduga da toka da kakin zuma. Ya cusa a hagu. Ya cusa a dama. Ya danna da tsinke har ba a hango komai daga waje. Ya ce, "Shi ke nan. Ko wa ya leƙa ba zai gane ba." Ya shanye sauran furar ya tafi.

Marka ta tashi zaune. Ta ga zakara ya miƙe wuya ya buɗe baki. Shiru. Ta ga taɓare suna hawa suna sauka a turmi. Shiru. Ta ga bakin uwarta yana motsi. Shiru. Duniya duka kamar an kifa mata ƙwarya.

Da yamma tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ta ba ƙofa baya, sai uban ya dawo daga gona.

Ya ce, "Marka, kawo ruwa."

Tana ɓara.

"Marka!"

Tana ɓara.

"Ke Marka!"

Sai ya taka ya ɗauke ta da mari, a kan kunnen nan mai ciwo. Ya ce, "Ina kira kina ji kika yi banza da ni? Yaushe kika koyi raini?"

Uwa tana tsaye, ta sani. Goggo ta sani. Kawu ya sani. Kowa na tsoron a ce shi ne.

Kai babban, ina za ka? Zauna. Ba ta ƙare ba.

Daga ran nan Marka ta koyi dabara. Sai ta dinga kallon bakin mutane. In aka yi dariya ta yi dariya. In yara suka amsa, ta bari su gama ta amsa. In aka nuna tsintsiya ta yi shara. Mutane suka ce yarinyar nan ta yi hankali, ta rage surutu.

Da ta zo gindin kanya, zomanya ta tsaya gabanta ta rera waƙar tun daga farko har ƙarshe. Marka ta yi murmushi ta ce, "Lafiya lau, Iya." Ta ɗauka gaishe ta ake yi.

Sai kunnuwan zomanya suka faɗi. Ta bi ta bayan darni har gidan Dogara, ta sami Yalwa tana tankaɗe.

Ta ce, "Yalwa, kar ki ƙara tura yarinyar nan kogi. Iska ta juya, na ji ƙanshin ruwa daga duwatsu."

Yalwa ta ce, "In ban tura ta ba, mutane za su tambayi dalili."

"Su tambaya mana!"

"Ke dabba ce, ba ki san kunya ba."

Zomanya ta ce, "Kunya ban san ta ba. Amma na san ruwa."

Rannan gari ya waye tas, rana na dukan ƙasa. Randa ba ko ɗigo, tuwo na kan wuta. Yalwa ta fito ta dubi sama, ta dubi gabas, ta dubi yamma. Ta ce a ranta, yau dai ba komai. Sai ta ɗora wa Marka gammo da tulu, ta nuna mata sauran yara da hannu, wato abin da suka yi ki yi.

Marka ta gangara. Ramukan kusa da gaɓa duk manyan 'yammata sun kama. Sai ta wuce. Ta wuce. Ta wuce har tsakiyar kogi, inda ba kowa. Ta tona, ta tona, rami ya kai mata ƙirji. Ta shige ciki, ta ba duwatsu baya, ta sunkuya tana kwasar ruwa da ƙoƙo.

Sai ƙaho ya yi kuka. Fuuu!

Tuluna suka zube. Mata suka suri goyo, yara suka runtuma. Kafin ka ce me, yashi ya zama fayau, kowa ya haye gaɓa yana haki. Yalwa ta fito da gudu, muciya a hannu. Ta duba cikin yara, ba Marka. Ta sake dubawa, ba Marka. Sai ta ɗaga ido. Can tsakiyar kogi ga tulu ɗaya a tsaye. Gefensa ga ɗan kai yana nitsewa yana ɓullowa, yana nitsewa yana ɓullowa.

Gari duka ya ɗauka: "Marka! Marka!"

Ƙaho ya sake. Fuuu!

Mutane suka ce, "Wace irin yarinya ce mai taurin kai haka?"

Dogara ya iso da fartanya a kafaɗa. Ya ce, "Haka take yi mini a gida! Ke Marka, in na zo nan sai na karya ki!"

Ɗan kai na nitsewa yana ɓullowa.

Sai Yalwa ta yar da muciya ta zube ƙasa. Ta ce, "Ba ta ji! Jama'a, ba ta ji! Mu muka toshe mata!"

Ƙaho ya yi na uku. Amma yanzu ba a bukatar ƙaho. Kowa na jin abin da kansa, kamar an haɗa turamen duniya ana daka. Ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa.

Dogara ya dira cikin kogi. Amma yashi ba ya son mai nauyi, in ya cire wannan ƙafa sai waccan ta nutse. Sai wani abu ya wuce shi fiu! Zomanya ce. Tsohuwa, amma ran nan ƙafarta ko taɓa yashi ba ta yi. Ta isa, ta faɗa cikin ramin, tsulum cikin ƙoƙon Marka. Ta kama bakin zanenta da haƙori ta ja.

Marka ta ɗago kai tana dariya. Sai ta ga kogi ba kowa. Ta ga mutane can a gaɓa suna ɗaga hannuwa. Ta waiwaya. Sai ta ga jar katanga ta karyo kwana.

Ta fito daga rami. Sai ta miƙa hannu za ta ɗauki tulu, don na Innarta ne. Zomanya ta gantsara mata cizo a hannu. Ta saki. Suka zuba da gudu, zomanya na gaba, Marka na baya, ruwa na bayansu. Ta faɗi, ta tashi. Ta faɗi, ta tashi. Ta sake faɗuwa, sai hannun ubanta ya sure ta ya saɓa a kafaɗa. Suna isa gindin gaɓa ruwa ya doki ƙafarsa. Maza suka kwance rawani suka jefa, ya kama da hannu ɗaya, aka ja, aka ja, har suka hau.

Zomanya ce ta ƙarshe. Tana tsalle za ta haye, sai wani gungume da ruwa ya kawo ya datse mata wutsiya. Shi ya sa har yau in kun ga zomo, wutsiyarsa 'yar guntuwa ce. Sauran tana cikin kogin Gaɓar Kanya, ita da tulun Yalwa.

Dogara ya zauna a ƙasa, 'yarsa a cinya. Ya dubi hannun da ya mare ta da shi.

Zomanya ta karkaɗe jiki, tana rawar sanyi. Ta ce, "A tara mini yaran garin nan. Manya su tsaya a baya, su ma su ji. A kawo mini 'yar ganga da tsinke."

Aka kawo. Ta ce wa wani yaro ya kaɗa. Ya kaɗa, ganga ta yi kuka. Sai ta soka tsinke a fatar, ɓus. Ta ce ya sake kaɗawa. Ya kaɗa, sai ɓaf, ɓaf.

Ta ce, "A can cikin kunnen kowannenku akwai irin wannan. Ita ake kira dodon kunne. Fatarta ta fi ɓawon albasa sirantaka. Magana ta zo ta taɓa ta, ta motsa, ku ji. Ku dube ni. Duk garin nan wa ya kai ni kunne? Da shi nake ci, da shi nake tsere wa kare. Kun taɓa ganin zomo da tsinke a kunne?"

Wata yarinya ta ce, "To dauɗar fa, Iya?"

Ta ce, "Wannan mai gadi ce. Ita ke tare ƙura da ƙwari. In ta gama aiki da kanta take fitowa bakin ƙofa, sai a sa tsumma mai tsabta a goge wajen. Ciki ba na kowa ba ne."

Wani yaro ya ce, "In yana ƙaiƙayi fa? In ƙwaro ya shiga? In na cusa wake?"

Ta ce, "Kai da ganinka ka taɓa cusawa. Ka gaya wa manya, su kai ka wurin mai fitila. In yana ciwo, ka faɗa. In yana ruwa, ka faɗa. In ana magana kana jin ta can nesa, ka faɗa, ko za a yi maka dariya. Kuma ku manya na baya, kunne ba wurin mari ba ne."

Washegari Dogara ya ɗora Marka a jaki, Yalwa na biye, suka ƙetare duwatsu har birni. Mai duba kunne ya kunna 'yar fitilarsa. Ya leƙa na dama, a hankali ya zaro audugar Kawu Cindo. Yana zarowa jakinsu ya yi kuka a waje. Marka ta zabura ta ce, "Inna, jaki!" Yalwa ta fashe da kuka.

Sai ya leƙa na hagu. Ya daɗe yana leƙawa. Ya kashe fitila.

Ya ce, "Yaushe ya fara?"

Suka gaya masa.

Ya ce, "Da tun ran da ya fara ciwo kuka zo, da ɗan magani kaɗan ya isa. Yanzu mugunyar zan tsayar da ita. Amma jin wannan gefen ya tafi."

Suka dawo gida. Matan gari suka zare gashin zabo daga jinka suka zuba a murhu. Marka ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki. Amma har ta tsufa, in za ka yi mata magana sai ta juyo maka da kuncin dama.

Ƙurunƙus kan ƙusu, ta koma kogin da ta fito. Ku yara, abin da za ku tafi da shi: kar ku sa komai a kunne, kar ku bari a sa muku, kuma in ya yi ciwo ku faɗa da ƙarfi.

A'a, kar kowa ya tashi. Yara sun sami nasu, saura naku.

Kwanakin baya wata ma'aikaciyar lafiya ta je makarantarsu Ilu ta koya musu kunne. Ni ban yi boko ba, amma Lantana, yayarsa, ta dawo ta zayyana mini duka, har da zanen da aka yi musu a allo. Da matar ta gama, sai ta dinga zagayawa bayan kowane yaro tana raɗa masa kalma, shi kuma ya maimaita. Da ta zo kan Ilu ta hagu, shiru. Ta dama, sai da ta ɗaga murya. Malamarsu ta aiko Lantana ta ce a kai shi asibiti. Ta sake aikowa. Me aka yi?

Kai babban ka ce kunnen ƙashi ne, ka san maganinsa. Na ji ƙarar maganin daga ɗakina. Ke Gaje kin ɗumama mai a cokali kin tsiyaya masa, kin ce haka surukarki ke yi. Ke kuma uwarsa, kina tsammanin ban ga tsinken ashanar da kike naɗa wa auduga ba? Ban ga kina wanke rigar matashinsa kullum da sassafe, kina shanyawa a bayan ɗaki don kar a ga tabon ba? Kai Tanimu daina washe baki. Wa ke ɗaukarsa wurin biki ya zaunar da shi gindin sifika, har ni da ke gida ƙirjina na bugawa?

Za ku ce garinmu ba kogi. Akwai titi. Kuma makarantar tana tsallake.

Yau da azahar ina dawowa daga gidan suna, na iso bakin titi daidai an tashi yara. Sai ga tifar yashi ta gangaro. Direba ya danna hon. Yara suka watse, kowa ya koma baya. Ilu na tafe yana kallon takalminsa. Direba ya sake dannawa. Na ji ƙarar burki, na ji ƙaurin taya. Matar nan mai awara a bakin titi, ita ta yar da matsami ta fizgo shi ta jakar baya. Ya ɗago yana mata dariya, bai san me ya faru ba. Tun azahar nake riƙe da wannan. Tuwona ga shi can a rufe, ban iya ci ba.

Ba ku yarda ba? Lantana, zagaya bayansa. Kira sunansa a hankali, ta hagu.

Sake.

Kun gani. Bakina yake kallo, yana murmushi.

Zo nan, angona, hau cinya. Ba ka yi laifin komai ba, ka ji? Ba ka da raini. Kunnen ne ba shi da lafiya, kuma za a duba shi.

Marka an bar ta da guda. Shi wannan ban san nawa ya rage masa ba, ku ma ba ku sani ba, mai fitila ne kaɗai zai sani. Tanimu na da babur. Gaje ta san hanyar asibitin da ake duba kunne. Uwarsa ta san ran da ya fara. Ku haɗa kai yanzu, a gabana, ku yanke wanda zai kai shi gobe da safe. Kuma ba zai ƙara ƙetare titin nan shi kaɗai ba sai an duba shi.

Kai kuma, tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba. Ko kana jariri ban kira ba. Yau zan ajiye kunyar, tunda ita ta kusa cinye 'yar Yalwa.

Nomau.

Ka ji ni? To kai kana ji. Ɗanka ne. Ku gama maganar, ina zaune a tabarmar nan sai na ji sunan wanda zai kai shi.